Abin da Magini Ya Rubuta a Bakan Gizo

Farkon ganin da na yi wa cocin nan, dariya ce ta kama ni. Na sauka daga jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari na bakin teku, iska tana neman tafiya da mayafina, na bi layin masu soya kifi da dankali, na sha kwana, sai ga soro irin na gida tsaye a gabana. Zankwaye huɗu a kusurwoyi, indararo suna leƙowa daga katanga, tagogi 'yan ƙanana can sama kamar na ɗakin kakata a cikin birnin Kano. Abin da kawai ya hana ni yin sallama shi ne gicciyen ƙarfe da ke tsakiyar rufin, da tsuntsayen teku da suka mayar da zankwayen wurin kashinsu.

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku, fannin gine-gine, a Birmingham. Ina zaune a Selly Oak, gidan haya na ɗalibai, mu biyar muna faɗa a kan wanke-wanke. Malamin da ke duba aikina Bature ne mai son duk abin da aka ce an ɓoye shi. Shi ya ga hoton cocin a wani tsohon kati, ya ce in je in gani ko idonsa ne yake yi masa gizo.

Tarihin wurin ba shi da tsawo. Asalin garin na masunta ne. Cocinsu na farko yana kan gaɓa, teku ta yi ta cin ƙasa a hankali har ta lashe maƙabarta, sannan ta taso wa bango. Matar da ke riƙe da makullin cocin yanzu ta ce kakanninta sun sha tsintar ƙasusuwan mutane a cikin rairayi. Ana cikin neman yadda za a gina sabo sai aka turo musu limamin coci wanda ya daɗe yana aikin mishan a ƙasar Zazzau, zazzaɓi ya koro shi gida. Jikinsa ne kawai ya dawo. Ya ce shi soro zai gina, kuma ya aika aka kawo masa magini daga can, a cikin jirgin ruwa.

Laka ba za ta yi damina ɗaya a Ingila ba, saboda haka da jan bulo da siminti aka yi. A maimakon azara, tsofaffin ƙarafan layin dogo aka lanƙwasa. Amma hannun na gida ne. In ka shiga, sai ka fara ratsa wani ɗan zaure wanda ƙofarsa ba ta kallon ta ciki, dole ka karkata, yadda baƙo ba zai hango tsakar gida daga waje ba. A ciki babu ginshiƙi ko ɗaya. Bakan gizo shida ne suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiya, ɗaurin guga sosai, kuma a wurin haɗuwar an manna farantin tangaran mai fure, irin wanda ake jera wa amare. Mutanen gari sun tsani ginin. Suka sa masa suna masallaci don ba'a, sunan kuma ya bi shi har yau. Masunta ne kawai suka so shi, don fararen zankwayen nan ana hango su daga cikin teku.

A bakin ƙofa akwai ɗan littafi na tarihin cocin. An kawo sunan limamin, da na bishop, da na matar da ta ba da fili, har da sunan karen limamin. Maginin kuwa layi ɗaya ya samu: wani ɗan ƙasa mai gwanintar hannu. Na karanta layin sau uku, raina yana ɓaci. Na ɗauka a lokacin don mutumin raina yake ɓaci.

Wata biyu na yi ina cigiyar dangin maginin kafin wata ɗalibar Jos ta ce a cocinsu na Manchester akwai wani tsoho da ba ya buɗe baki sai ya ce ubansa ya gina coci a Ingila, har mutane sun daina saurararsa. Na hau jirgi, na hau bas, na sauka a Moss Side, na ƙwanƙwasa wata jar ƙofa a cikin jerin gidaje masu kama ɗaya.

Baba, tsohon da na zo nema, ya haura tamanin. Direban bas ne da ya yi ritaya, dogo, rankwafaffe, Hausarsa ta Zazzau tana nan garau kamar jiya ya baro gida. Kafin in gama gaisuwa ya kira ni 'yarsa. Ya zuba mini tuwon semo da miyar kuka da hannunsa, ya zauna yana kallona ina ci. Da azahar ta yi, ban ma tambaya ba, ya shimfiɗa mini tawul mai tsabta a falo.

“Gabas ɗinku ta nan take, wajen tashar bas,” ya ce. “Maƙwabcina Basomale ne ya nuna mini.”

Da na koma karo na biyu, sallaya sabuwa na tarar a naɗe a bayan kujera. Ya ce ba za a ce ɗiyar Musulmi ta zo gidansa tana sallah a kan tawul ɗin wanka ba.

'Yarsa ce ba ta so ni ba. Nas ce, ta girme ni da kamar shekara goma, a Manchester aka haife ta. Tana jin Hausa, amma in za ta yi, rabi da rabi take yi. Ina kiranta Anti, tana amsawa da hanci.

“Me take so, Dad?” ta tambaye shi a gabana. “Mutanen uni ba sa zuwa don greeting.”

Gaskiya ta faɗa. Ina son muryarsa a na'urata, ina son ya sa hannu a takardar amincewa, kuma fiye da komai ina son wani tsohon hoto da ke cikin Littafinsa Mai Tsarki: ubansa yana saurayi, tsaye a kan katakon gini, da babbar kwat ta Bature a kan rigarsa.

Labarin uban kuwa, Baba yakan ba da shi ne a tsari ɗaya kullum. Ɗan gidan magina ne, Musulmi. Ya tafi Ingila da addinin iyayensa, ya dawo da baftisma. 'Yan'uwansa suka daina cin abinci a kwano ɗaya da shi. Ya koma unguwar mishan, ya yi aure, ya haifi Baba. Da ya rasu, ko mutum ɗaya daga danginsa bai zo ba. Baba kansa ya sha jifa a hanyar rafi yana yaro, ya kuma nuna mini tabon a bayan kunnensa.

“Abin da ya sa ban taɓa jin haushi ba, 'yata, na san da idonsa a buɗe ya zaɓa,” ya ce. “Ya biya abin da ya biya. Ni kuma saura kaɗan in je in same shi. Na san inda yake.”

Duk shekara, da rani, yakan ɗebi mutanen cocinsu a mota ya kai su bakin tekun nan, su ga aikin ubansa.

A zuwana na uku garin, mai makulli ta ba ni tsani. Bakan gizon duk an yi musu zayyana, dagi da igiyoyi masu sarƙewa, kuma an yi ta shafa musu farar ƙasa shekara da shekaru har zanen ya kusa nutsewa. Na hau, na haska tocila daga gefe don inuwa ta fito da tudun zanen. A bakan da ke saman ƙofa, a tsakanin dagi biyu, na ga abin da ba ado ba ne. Alif ne, da lam biyu. Kakana da ajami yake rubuta wasiƙunsa, kuma ni ce mai karanta masa amsa da idonsa ya yi rauni. Rubutun allo ne, mai kauri, kalma uku: Allah na tuba.

Na sauko, na ja tsanin zuwa gaba. A hannun dama da bagaden da suke sujada a gabansa akwai wani ɗan lungu a jikin bango, tsayin mutum a zaune. Littafin tarihin ya ce wurin ajiye fitila ne. A samansa na sake haskawa. Kalmar shahada ce, cikakkiya, daga farkonta har ƙarshenta. Na fito da wayata na buɗe manhajar alƙibla. Allurar ta tsaya cak a tsakiyar lungun.

Na tafi Moss Side da hotuna biyu a jaka. Ɗaya na fito da shi.

Baba bai iya ajami ba. Makarantar mishan ya yi, boko kawai ya sani. Shekara arba'in yana tsayawa a ƙarƙashin rubutun ubansa yana ce wa mutane ku dubi ado. Na ɗora yatsana a kan hoton, na karanta masa harafi harafi. Ya cire tabarau, ya yi kuka irin na tsofaffi, mara sauti, kafaɗa kawai ke motsi.

“Ya tuba,” ya ce. “Da hannunsa ya rubuta. Shi ne tubabbe na fari a gidanmu.”

A nan kalmar ta rabu gida biyu. A bakinsu, in an ce mutum ya tuba, to ya bar abin da yake bi ya karɓi Almasihu, shi ya sa suke kiran irinsa tubabbe. A bakinmu kuwa, wanda ya ɗaga kai ya ce Allah na tuba, laifi ya aikata, gafara yake nema. Ni da na ga lungun nan, ban yi shakkar wane laifi maginin yake nufi ba. Amma ban gaya masa ba. Na gaya wa kaina tausayi ne. Ranar ya sa hannu a takardata, ya kuma ciro hoton ubansa ya ba ni in je in kwafa.

Da rani ya zo, ya ce lallai in bi su, in karanta wa ikilisiya da bakina, don su san ba surutun tsufa yake yi ba. Mota ɗaya muka cika daga Moss Side. Matan zumunta sun sha anko, sun taho da kuloli na shinkafa da waina, ana ta waƙa tun daga babbar hanya. Baba ya sa babbar riga fara da ya ce tun bikin 'yarsa bai sake sa ta ba.

Muka ratsa zauren ɗaya bayan ɗaya. Ya tsayar da ni a ƙarƙashin bakan ƙofa, ya ɗaga sandarsa ya nuna.

“Ga malama daga jami'a. Musulma ce, ba ta da dalilin yi mana ƙarya. Karanta musu, 'yata.”

Na ɗaga murya na ce, “Allah na tuba.”

Ɗaurin guga yana riƙe sauti, kalmar ta zagaya ta dawo. Sai shugabar matan, wata mai jiki da faffaɗar murya, ta tafa hannu.

“Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa, a cikin majami'a. Ta tuba!”

Wata ta rangaɗa guɗa. Wurin ya kaure da dariya. Wata ta rungume ni ta baya tana cewa barka da zuwa, wani kuma ya ɗaga waya yana ɗauka. Wayar nan ce ta tsaya mini a ido. Na hango bidiyon yana yawo a Kano, ni da mayafina a cikin coci ina cewa na tuba, mata suna guɗa. Na hango fuskar mahaifina. Na juya wajen Baba don ya tsawatar, sai na ga shi ma dariya yake yi, har yana share ido.

“Sannu da zuwa gida, 'yata,” ya ce.

Wasa yake yi. Na sani a lokacin, na kuma sani yanzu. Anti ma ta taɓa hannuna ta ce, “Joke ne kawai, love. Relax.” Amma ni tun ina ƙarama in aka yi mini dariya a taro, ba na ganin gabana sai na rama, kuma ba na rama daidai da abin da aka yi mini.

“Ban gama ba,” na ce. “Akwai saura.”

Suka biyo ni suna murmushi har gaban bagade. Na tsaya a bakin lungun, na nuna sama, na karanta kalmar shahada da irin muryar da ake karanta ta a kunnen jariri, a fili, ba gaggawa. Babu wanda ya nemi fassara. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san ta, ko da jifa aka koya masa.

Na ɗora wayata a cikin lungun, na ce su matso su ga allura.

“Wannan ba wurin fitila ba ne, Baba. Alƙibla ce. Nan yake sallah. Tuban da ya rubuta a ƙofa, ba irin naku ba ne. Gafara yake nema a kan abin da hannunsa ya gina.”

Mai ɗaukar bidiyo ya sauke wayarsa. Ana jin kukan tsuntsayen teku ta cikin indararo. Anti ce ta fara samun baki.

“Maybe kafin baptism ɗinsa ya rubuta,” ta ce. “Ai da farko Muslim ne, kowa ya sani. Dad, kafin ne.”

Baba ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin babban mutum yana roƙo da ido haka ba. Ƙofa ce 'yarsa ta buɗe masa, abin da kawai ya rage in ce mai yiwuwa ne. Kuma gaskiyar ke nan, mai yiwuwa ne, don ban san komai a kan wannan ba.

“A'a,” na ce. “Na duba takardu. Da bikin Ista aka yi masa baftisma. Shafe kuwa sai da rani aka yi, shi ne aikin ƙarshe. Bayan ya shiga ruwanku ya rubuta.”

Ban ga takarda ko ɗaya ba. Na dai san shafe shi ake yi a ƙarshe, sauran kuma na ƙirƙira a tsaye, saboda ina so in ci nasara a kan matar da ta yi mini guɗa.

Baba ya lalubi benci ya zauna. 

“Sake karanta mini na farkon,” ya ce.

“Allah na tuba.”

“To,” ya ce.

A hanyar komawa babu waƙa. Na zauna ni kaɗai a kujerar baya, kuma ba zan ɓoye ba, har muka yi nisa zuciyata tana yi mini daɗi. Wajen rabin hanya Anti ta taso tana dafa kujeru, ta ajiye mini robar shinkafa a cinya ba tare da ta dube ni ba.

“Ya ce ba ki ci komai ba,” ta ce, ta koma.

Malamina kamar ya yi rawa da ya karanta babin. Magini da aka raba da addininsa, ya ɓoye masallaci a cikin cocin Bature, ya bar tubansa a saman ƙofa inda duk mai shiga zai wuce a ƙarƙashinsa. Ya ce wannan babin shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Na gabatar da shi a wani taron masana a Manchester, na haska hoton maginin da kwat ɗinsa a bango, aka yi mini tafi. Daga zauren taron zuwa jar ƙofar nan bas ɗaya ne. Ban je ba.

Da sanyi ya fara shiga, sai na ga ya kamata in nemo takardar da na ce na gani. A ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na jami'armu akwai akwatunan wasiƙun 'yan mishan. Na yi mako biyu ina buɗe su, har na kai ga wasiƙun da limamin nan ya riƙa aika wa ƙanwarsa. Rubutunsa ƙanana ne, yawanci ƙorafin ciwon gwiwa da rashin kirkin mutanen gari. Amma maginin yana ciki.

Babu abin da aka ɓoye. Limamin da kansa ya yarda a yi lungun, don ya gaji da ganin mutumin yana sallah a waje cikin ruwan sama. Ya san abin da aka rubuta a samansa, har ya yi wa ƙanwarsa ba'a cewa bishop bai iya karantawa ba. Shekara biyu yana yi wa maginin wa'azi, maginin yana ce masa ya gode. Aka gama shafe, aka buɗe cocin, mutumin yana nan da sallarsa. Sai a makon da zai hau jirgi ya koma gida, ya zo da kansa ya ce a yi masa baftisma. Da aka gama, kansa bai ko bushe ba, ya kwaɓa sabon shafe a bokiti, ya jingina tsani a bakin ƙofa, ya hau ya yi wani ɗan rubutu. Limamin ya tambaye shi me ya rubuta, ya ce abin da ya yi yau ne.

Na zauna da wasiƙar a gabana har wata ma'aikaciyar wurin ta zo ta tambaye ni ko lafiya. Shahadar ce ta farko, tuban ne na ƙarshe. Na yi ƙoƙarin gaya wa kaina cewa har yanzu kalmar tana iya kallon ko'ina, wa ya san abin da ke cikin zuciyar mutum ranar da ya bar addinin iyayensa. Haka ne. Amma ba wannan na faɗa wa Baba ba. Abin da na faɗa masa ƙarya ne, kuma ga shaidar a hannuna. Na sa aka kwafa mini, na ninke, na sa a aljihun jakata, na mayar da akwatin.

In na fito da wasiƙar, babin ya rushe, kuma saura wata huɗu in miƙa aikin. Na ce bari in miƙa tukuna, sannan in je Moss Side in gaya masa shi kaɗai. Baba ya kira ni a waya ana saura kwana kaɗan Kirsimeti. Ina tsaye a layin biya a wani kanti a Bristol Road, na ga sunansa, na bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya sake kira bayan sabuwar shekara. Shi ma ban ɗauka ba. Bai bar saƙo ba, bai iya ba.

Na miƙa aikin yadda yake, ban canza ko wasali ba. Na kare shi a gaban masu jarrabawa, suka yaba babin, suka kira ni dakta. Yana nan a ɗakin karatun jami'a har yau, da hoton uban Baba a shafinsa.

Sai da itatuwa suka fara toho na hau jirgin Manchester. Na sayi lemo da ayaba a hanya kamar mai zuwa dubiya. Anti ce ta buɗe jar ƙofar. Ta rame, tana sanye da rigar sanyin Baba.

“Ya rasu,” ta ce. “Three weeks ke nan.”

Ban san abin da na ce ba. Ina jin na yi mata ta'aziyya irin tamu, ta tsaya tana saurare har na gama. Ba ta ce in shigo ba. A nan bakin ƙofa ta ba ni labari, da murya shimfiɗaɗɗiya irin wadda take karanta wa likita bayanin mara lafiya. Tun da aka dawo daga bakin teku bai sake taka coci ba. Rabaran, limamin cocinsu, ya zo har gida sau uku, ya karɓe shi da shayi kawai. Ya sayi littafin rubutu, ya riƙa zuwa wurin maƙwabcinsa Basomale yana koyon alif da ba, yana so ya karanta hoton da kansa ko akwai abin da na tsallake. Bai wuce harafi bakwai ba.

“A hospital yana ta tambayata abu ɗaya,” ta ce. “Wai in ya je, a wane layi zai tsaya ya nemi babansa. Me zan ce masa? Na ce ban sani ba, Dad. Ya ce a kira 'yar nan mai karatu, ita ta sani.”

Na ajiye ledar lemon a ƙasa. Na zuge jaka na ciro takardar, ta yi laushi a wurin ninkin saboda daɗewa. Na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, iska tana kaɗa gefen takardar, ta kai ƙarshe, ta koma farko. Na ga lokacin da ta iso wurin tsanin, don leɓenta ya motsa.

“So ya yi daidai,” ta ce. “Dad ya yi daidai.”

“E, Anti.”

Ta shafa wurin ninkin da babban yatsanta. Nas ce, ta saba lura da abin da mutum bai faɗa ba.

“Yaushe kika samu wannan?”

Da na iya cewa jiya. Na riga na yi wadda ta fi wannan a gaban bagade ban ƙifta ido ba. Amma bakina ya ƙi.

“Kafin Kirsimeti.”

Ba ta zage ni ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta ninke takardar a kan tsohon ninkinta, ta sa a aljihun rigar ubanta, ta ce in jira. Na ji takunta a cikin falo, na ji an ja kujera. Ta dawo da sallayar nan a naɗe, ta ɗora mini a hannu.

“Ya hana a ɗauke ta daga wurin,” ta ce. “Wai za ki dawo.”

Sannan ta rufe ƙofar.